Kamfen ta waya a Jos ta Arewa: ina ake zuba kuɗi, ina ake asararsu?

Ɗan Gangare

Assalamu alaikum, jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nan. Ɗan takarar majalisar dokokin jiha ne a ɗaya daga cikin mazaɓun Jos ta Arewa, aljihunsa ba mai nauyi ba ne, kuma an ɗora wa matasa huɗu aikin midiya. Abin da ke hannu shi ne shafin Facebook mai mabiya ƙalilan, guruf biyu na WhatsApp da suka cika da barka da Juma'a da tallar atamfa, sai waya ɗaya mai kyamara mai kyau. Wasu sun ce a sayi mabiya a ɗauki sojojin baka, wasu sun ce a zuba kuɗin a tallar Facebook, dattawan jam'iyya kuma sun ce duk wasan yara ne, a buga fosta a shiga rediyo. Da me za a fara, me zai biyo baya, kuma me doka ta hana? Don Allah a ba ni dalla-dalla.

Malam Mai Rumfa

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin ku taɓa waya ku fara da takarda. Ku karɓo jerin rumfunan zaɓen mazaɓar daga ofishin jam'iyya, kowace rumfa da lambarta da yawan masu rajista a cikinta. Lambar rumfa kashi huɗu ce: jiha, ƙaramar hukuma, gunduma, sannan rumfar kanta, kuma ta Filato da 31 take farawa. Wannan jerin ne zai tsara muku komai, don a rumfa ake ƙirga ƙuri'a, kuma mai danna laik daga Kano ko Jidda ba shi da akwati a gundumar Ali Kazaure.

Ku dubi zaɓen shugaban ƙasa na 2023. Mutum sama da miliyan 93 ke da rajista, amma ƙuri'un da aka kaɗa ba su kai miliyan 25 ba. Ke nan babban aikinku shi ne fito da wanda ke son ɗan takararku amma zai kwana a gida ranar zaɓe. Ja-in-ja da ɗan adawa a ƙarƙashin fostin ba ya ƙara ko ƙuri'a ɗaya.

WhatsApp ɗin ku gina shi hawa uku. A ƙasa, kowace rumfa ta sami jagora wanda a nan yake zaune kuma a nan yake zaɓe, da guruf na mutum arba'in zuwa sittin da ya san su ido da ido. A tsakiya, guruf ɗin gunduma, jagororin rumfuna kawai. A sama, guruf ɗin tsare-tsare da bai wuce mutum goma sha biyar ba. Saƙo ya sauko daga sama, rahoto ya hau daga ƙasa. WhatsApp ya yarda guruf ya ɗauki mutum 1,024, amma duk guruf ɗin da ya kai ɗaruruwa ya zama kasuwa: mutane su kashe masa sauti, 'yan adawa su shiga su zauna shiru suna kwashe abin da kuke faɗa. Guruf biyun da kuke da su yanzu kada ku rushe, ku mai da su na sanarwa, admin kaɗai ke rubutu, ku kunna tantance sabon shiga, ku sauya tsohon link ɗin gayyata.

Sai maganar layi, wadda ake rainawa har sai ta ɓaci. A sayi layi ɗaya na kamfen, a yi masa rajista da NIN ɗin ɗan takara ko wani amintacce na cikin gida. In aka yi da sunan yaron midiya, ranar da aka sami saɓani ko ya sauya sheƙa, ya tafi da layin da duk lambobin da aka tara, kuma a wurin kamfanin waya nasa ne. A sa wa WhatsApp ɗin PIN mai lamba shida na tabbatarwa ta biyu, haka ma kowane admin ya sa a nasa. Hanyar da aka fi sace guruf a ƙasar nan ita ce a kira mutum a ce akwai taron jam'iyya ta Zoom, ya karanto lambar da ta shigo masa. Yana karantawa an ɗauke asusunsa. Ku gaya wa jagororin rumfa a fili cewa babu wanda zai taɓa neman wannan lambar.

Abin da ke sa a rufe layi sananne ne: amfani da jabun manhajar WhatsApp, GBWhatsApp da ire-irensa, zuba mutanen da ba su san ku ba cikin guruf, da sabon layi ya aika ɗaruruwan saƙo iri ɗaya a rana guda. Mutane kaɗan suka danna ƙorafi, shi ke nan. Jerin burodkas kuma mutum 256 yake ɗauka, sannan ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarku a wayarsa ba. Don haka aikin watan farko shi ne a sa jama'a su ajiye lambar: a rubuta ta a kan fosta, a faɗe ta a majalisu, jagoran rumfa ya karɓi wayar mutum da izininsa ya ajiye masa. Wanda ya ajiye lambarku, ku ma kuka ajiye tasa, zai riƙa ganin sitatus ɗinku kullum ba tare da kun dame shi ba. Turawa kuma tana da iyaka, wuri biyar a lokaci guda, saƙon da ya yi yawo da yawa kuma wuri ɗaya. Shi ya sa hawa ukun nan ke da amfani, kowane jagora ya tura wa nasa.

Ku buɗe rajista a Google Sheets: suna, lambar waya, lambar rumfa, ko katin zaɓe na hannunsa, sai alama ɗaya cikin uku, namu ne, yana tunani, ko ba namu ba. Mutum biyu kawai su iya gyara ta. Kowace Juma'a a duba rumfunan da rajistar ba ta motsa ba, can ɗan takara zai je da ƙafarsa a makon.

Wani abu da ake mantawa: a 2021 INEC ta ƙara rumfuna suka kai 176,846, daga baya kuma aka raba wasu masu zaɓe zuwa sababbin rumfuna. A 2023 mutane da dama sun je tsohon wurinsu ba su ga sunansu ba, suka koma gida. Jagoran rumfa ya zauna da mutanensa ya duba wa kowa rumfarsa a shafin INEC tun da sauran lokaci. Wannan aikin na data kaɗan ya fi bidiyo goma.

Injiniyan Farin Gada

Malam ya gama maganar WhatsApp, bari in ɗauki ta Facebook. Sayen mabiya ku bar shi. Asusun da ake sayarwa na bogi ne ko na wasu ƙasashe, ba sa kallo ba sa sharhi. Facebook kan gwada fostin a kan wani yanki na mabiya kafin ya faɗaɗa shi, to in yankin nan matattun asusu ne, fostin ya mutu a nan. Kun biya kuɗi kun rage wa kanku masu gani.

Tallar kuɗi tana aiki, amma da sharuɗɗa. Meta, kamfanin da ke da Facebook, ba ta barin tallar siyasa ta fita sai mai sakawa ya tabbatar da kansa da katin shaida na gwamnati, an ga a Najeriya yake, sannan ya haɗa tambarin da ke nuna wanda ya biya. Wannan yana iya cin kwanaki, musamman in sunan Facebook ya saɓa da na katin, misali mutum ya sa laƙabi. Ku gama shi tun kafin a buɗe kamfen. Wanda ya tura tallar siyasa ba tambari za a sauke ta, in ya maimaita a rufe asusun tallar da kuɗin da ke ciki. Ku sani kuma duk tallar tana zama a Ad Library, rumbun tallace-tallace na Meta, shekara bakwai, kowa na iya ganinta da kimanin abin da aka kashe. Ku ma ku shiga can ku rubuta sunan abokin hamayya, za ku ga abin da yake sakawa.

Inda kuɗi suka fi zubewa shi ne zaɓen yanki. In ka rubuta Jos kawai, da'irar da ake ba ka tana da faɗi ƙwarai, ta haɗiye Bukuru da Bassa har ta leƙa Tilden Fulani a jihar Bauchi. Mai neman kujerar majalisar jiha ba ruwansa da waɗannan. Ku shiga Ads Manager, wurin tsara talla na Facebook, ku dasa tsinke a kan taswira, ku rage da'irar zuwa kilomita ɗaya ko biyu, ku yi tsinke da yawa har su rufe unguwannin mazaɓar. Ba za ta bi iyakar gunduma daidai ba, amma asarar ta ragu sosai. Shekaru daga 18 zuwa sama. Tun Janairun 2022 Meta ta cire zaɓen mutane bisa addini ko ra'ayin siyasa, saboda haka duk wanda ya ce zai kai muku tallar ga mabiya addini kaza kaɗai, cika baki yake.

Kada ku danna Boost daga manhajar iPhone, akwai ƙarin kashi 30 cikin 100 na Apple a kai. Ku yi ta kwamfuta ko burauza. Akwai kuma harajin VAT na kashi 7.5, ku sa shi a lissafi. Ku buɗe asusun talla na naira wanda ake zuba kuɗi kafin a fara, don kati ba zai ƙi biya a tsakiyar kamfen ba. TikTok ba ya karɓar tallar siyasa ta kuɗi ko kaɗan, sai dai ku saka bidiyo kamar kowa. X kuma, wato tsohon Twitter, fagen 'yan jarida da 'yan boko ne, ku riƙe asusu don sanarwa, kada ku zuba masa kuɗi a takarar mazaɓa ɗaya. Rufe Twitter da gwamnati ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya isa ya nuna cewa lambobin da ke cikin rajistarku sun fi mabiyan kowane dandali tabbas.

Yadda za ku gwada: ku yi bidiyo uku gajeru kan abu uku daban, a ce ruwa, magudanar unguwa, da makarantar firamare. Ku ba kowanne kuɗi daidai na kwana uku. Wanda mutane suka fi kallo har ƙarshe, kuma aka fi kiran lambar da ke jikinsa, shi za a ƙara wa kuɗi, sauran a tsayar. Bidiyo ya kasance a tsaye, kada ya wuce minti ɗaya, ɗan takara ya shiga magana daga daƙiƙar farko, ba doguwar gaisuwar manyan baƙi. Sauti ya fi hoto muhimmanci, ƙaramin makirfon maƙalawa a riga zai gyara muku fiye da sabuwar kyamara, balle da iskar Jos lokacin hunturu.

Shafin kansa, cikakken iko ya kasance hannun mutum biyu, ɗan takara da wani amintacce, sauran a ba su ikon saka fostin kawai. In kun yi Live ku sauke bidiyon ku ajiye, don yanzu Facebook na goge shi bayan kwana 30.

Hajiyar Rikkos

Sannunku da ƙoƙari. Malam, ranka ya daɗe, a guruf ɗin rumfa ne ban bi ka ba. In aka haɗa maza da mata wuri ɗaya, kowa na ganin lambar kowa, cikin mako guda matan aure za su fice, wasu ma mazajensu ne za su ce su fita. Kowace rumfa tana buƙatar jagora mace da guruf na mata zalla, admin mace. A nemo ta cikin masu adashi, malaman Islamiyya, shugabannin zumuntar mata a coci, masu kitso da masu lalle, waɗanda dama mata ke shiga gidajensu. In ana son sanarwa ga kowa ba tare da lamba ta fito ba, a buɗe Channel na WhatsApp, shi ba ya nuna lambar mabiya.

Rubutu mai tsawo ba a karanta shi. Saƙon murya na daƙiƙa arba'in zuwa minti ɗaya shi ke shiga, mace na girki tana ji, kuma nauyinsa bai kai rabin MB ba, alhali bidiyon minti ɗaya zai ci MB da yawa. A fara da sunan mai magana da unguwar da ake nufi. Abu ɗaya a kowane saƙo. A mazaɓar da ke haɗe da al'ummu daban-daban a yi shi da Hausa da Turanci, ma'ana ɗaya. Kada a faɗa wa Unguwar Rogo wani abu a faɗa wa Tudun Wada kishiyarsa, domin saƙon zai tsallaka kafin magariba.

Masu ƙananan wayoyi kuma ba a bar su ba. A kai waƙar kamfen da saƙonnin murya wurin masu cajin waya da masu tura waƙoƙi a memori, su ne ke zuba wa jama'a ta Bluetooth da Xender ba tare da data ba.

SMS yana da tarko. Saƙo ɗaya harafi 160 ne, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ mai lanƙwasa, ya koma 70, kuɗin ya ninka. A SMS kawai, a rubuta da k da d da b na yau da kullum, a zaɓi kalmomin da ba za su rikita ma'ana ba. Sunan mai aikawa ba ya wuce harafi 11. Layukan da suka aika STOP zuwa 2442 kuma saƙon talla ba ya shigar musu, sai a tambayi kamfanin rahoton waɗanda saƙon ya isa gare su kafin a sake biya.

Abin da ya fi damuna da 'yan midiya shi ne fuskar ɗan takara ta cika fosta, tambarin jam'iyya ɗan mitsitsi a gefe. Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da hoton kowa ko sunansa, tambarin jam'iyyu ne a jere, kuma a 2023 jam'iyyu 18 ne. Tsohuwa ta san fuskar, ta shiga ta rasa inda za ta dangwala. A yi bidiyo na daƙiƙa talatin: ga tambarin, ga gurbin da ke gefensa, yatsa ɗaya, kada tawada ta tsallaka layi, a naɗe yadda ma'aikacin zaɓe ya nuna. A riƙa maimaita shi a makonni biyun ƙarshe har a gaji da shi.

Ɗan Gangare

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, za a gyara maganar guruf ɗin mata. Saura biyu: sojojin baka fa, a ɗauka ko a bari? Kuma in aka yaɗa ƙarya kan ɗan takara, ko aka haɗa muryarsa ta bogi, yaya ake yi?

Barista Tudun Wada

Ɗan'uwa, fara da doka. A ƙarƙashin Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, kamfen na buɗewa kwana 150 kafin zaɓe, ya rufe saura awa 24. Na gwamna da majalisar jiha ya buɗe 12 ga Oktoba 2022. Ka nemi jadawalin da INEC ta fitar na zagayen da kuke ciki, da shi za ku yi aiki. Tallar Facebook ba ta san an rufe kamfen ba, ku sa mata ranar tsayawa da hannunku, ku ƙara mata tazarar awanni. A waccan dokar iyakar abin da ɗan takarar majalisar jiha zai kashe naira miliyan 30 ne, kuma kuɗin talla da data da alawus ɗin 'yan midiya duk cikin kashewar kamfen suke, a ajiye rasit. Hukumar ARCON mai kula da harkar talla ma tana buƙatar a tantance talla kafin a fitar da ita, har ta intanet.

Dokar Zaɓen ta 2022 ta hana kalaman da ke taɓa addini ko ƙabila, ta hana kamfen a wuraren ibada. Bidiyon ɗan takara yana neman ƙuri'a a cikin masallaci ko coci, ku da kanku kuka haɗa wa abokin hamayya hujja. Rajistar da Malam ya faɗa kuma, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa ra'ayin siyasa cikin bayanai masu tsananin sirri. Ku karɓi lamba da yardar mai ita, ku gaya masa abin da za a yi da ita, kada ku sayi jerin lambobi daga hannun kowa.

Sojojin baka iri biyu ne. Akwai mai jama'a a unguwa, wanda in ya yi magana ana saurare, a ba shi data da bayanai na gaskiya ya yi magana da sunansa. Wannan babu laifi. Akwai kuma mai asusu goma da sunayen bogi, sana'arsa zagi. Shi wannan yau naka ne, gobe na wanda ya fi ka biya, kuma duk hirar da kuka yi tana wayarsa. Binciken BBC na Janairun 2023 ya nuna jam'iyyu na biyan masu tasiri a asirce don yaɗa ƙarya, har ana kaiwa naira miliyan 20. Mai ƙaramin aljihu ba zai ci wannan gasar ba. Meta ma tana share irin waɗannan asusun a dunƙule, kamar yadda ta yi a Mayun 2019 da na kamfanin Archimedes na Isra'ila da ya sa hannu a siyasar Najeriya. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet, ko bayan gyaran 2024, yana kama wanda ya yaɗa abin da ya san ƙarya ne don tayar da hankali.

A Jos kuwa abin ya wuce shari'a. Rikicin Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya tashi. A Yunin 2018, lokacin kashe-kashen Gashish a Barikin Ladi, hotuna sun yi ta yawo a Facebook, wasunsu ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba, kuma an tare hanya an kashe matafiya. Saboda haka kowane guruf ya sami doka a rubuce: ba hoton gawa, ba "an ce an kai hari" sai daga majiya mai suna, wanda ya saɓa admin ya goge saƙon ga kowa, in ya sake a cire shi ko da babban ɗan jam'iyya ne.

In aka yi wa ɗan takara ƙarya, mataki na farko a adana hujja: hoton fuskar waya mai nuna suna da lokaci, link, da ainihin fayil ɗin. Na biyu a tambayi jagororin rumfa ko abin ya iso gurufansu. In bai wuce mutum kaɗan ba, a yi shiru, martani ne zai tallata shi. In ya bazu, ɗan takara ya fito a bidiyo, fuska da murya tare, cikin awa biyu ko uku, ya faɗi gaskiyar a taƙaice ba tare da an sake kunna na bogin ba, a tura ta hanyar da ƙaryar ta bi. Hoto a saka shi a Google Lens, sau da yawa za a ga tsohon wurin da aka ɗauko shi. A aika wa masu tantance labari irin su Dubawa. Maganin muryar bogi tun da wuri ake yin sa: a saba wa jama'a cewa duk saƙon ɗan takara daga lamba ɗaya yake fitowa.

Dattawan jam'iyya kuma kada ku yi musu dariya. Shirin rediyo na kiran waya yana isa inda data ba ta isa, sai ku yanke minti ɗaya mafi kyau ku zuba a gurufan. Peter Obi ya sami ƙuri'a sama da 460,000 a Filato ranar 25 ga Fabrairun 2023, mako uku bayan haka ɗan takarar gwamna na jam'iyyarsa bai kai 100,000 ba. Guguwar intanet mutum take bi, ba a gadonta.

Malam Mai Rumfa

Hajiya, gyaranki ya karɓu, jagora biyu a kowace rumfa. Bari in ƙara ranar zaɓe, don a nan wayar ta fi amfani.

Sunayen ejan-ejan, wato wakilan jam'iyya a rumfa, a shigar da su a shafin INEC kafin wa'adin da ta sa, da hotunansu, in ba haka ba babu katin wuya, kuma ana iya hana su tsayawa a rumfa. Daren jajibiri kowane ejan ya cika caji, ya riƙe fawa banki, layi biyu na kamfani daban-daban, data da katin kira, ya kuma share wayar ta sami wuri. A buɗe sabon guruf na sakamako kawai, ɗaya a kowace gunduma, ba gaisuwa ba sharhi.

Rahoto uku ake so daga kowace rumfa. Na safe: ma'aikata sun iso, na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS tana aiki, an nuna tana kan sifili kafin a fara da 8:30. Na rana: tsawon layi da duk wata matsala, a nan ne jagorori za su duba rajista su kira 'yan "namu" da ba su fito ba, domin wanda ya shiga layi kafin 2:30 zai yi zaɓe. Kiran ya tsaya kan tunatar da lokaci, ba neman ƙuri'a ba. Na uku shi ne EC8A, takardar sakamakon rumfa.

Kafin ejan ya sa hannu ya duba abu huɗu: adadin waɗanda aka tantance a takardar ya yi daidai da na fuskar BVAS, jimillar ƙuri'u ba ta haura wannan adadin ba domin in ta haura ana soke rumfar, alƙaluma sun dace da abin da aka rubuta da kalmomi, sannan akwai hatimi da sa hannun jami'in rumfa da kwanan wata. Ya karɓi kwafensa, ya shimfiɗa shi, ya ɗauki hoto daga sama kusurwa huɗu duk a ciki, in dare ya yi wani ya haska daga gefe don kada haske ya wanke rubutun. Ya tura shi a matsayin Document, domin in aka tura a matsayin hoto WhatsApp na matse shi, 3 ta koma kamar 8. Ya rubuta lambar rumfa a ƙasa. Ya tsaya har ya ga jami'in ya ɗauki takardar da BVAS don IReV, shafin INEC da ake ɗora sakamakon rumfuna.

A ɗakin tattarawa mutum biyu su shigar da kowace takarda daban-daban, inda suka saɓa a koma hoton. Jimillar kowace gunduma ta isa hannun ejan ɗin gunduma kafin a fara cika EC8B, takardar sakamakon gunduma, don a teburin nan ne zai iya cewa lambar rumfa kaza ba haka take ba. Kada kowa ya rubuta "mun ci" a Facebook. Baturen zaɓe kaɗai ke bayyana sakamako, kuma dokar 2022 ta sa ɗaurin wata 36 ga wanda ya wallafa sakamakon da ya san ƙarya ne.

Takardun asali a tattara su a daren, a jera bisa lambar rumfa, a sa a ambulan gunduma-gunduma. Kotun Ƙoli ta faɗa a Oktoban 2023 cewa IReV ba wurin tattara sakamako ba ne, kuma kwana 21 kawai ake da su a shigar da ƙara daga ranar da aka bayyana sakamako. Lauya zai nemi kwafen ejan da ejan ɗin kansa a matsayin shaida, saboda haka a rubuta sunan kowane ejan da lambobinsa biyu a bayan ambulan ɗin.